Muryar na'ura da haƙƙin mai ita

A wannan fitowa filinmu zai tsaya ne a kan wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa, ko da yake ba a cika zancensa a zaure ba, wato halin mutumin da ke da maganar faɗi a zuciya amma bakinsa ba ya iya fitar da ita. Daga cikinsu akwai wanda aka haifa kurma, da wanda sanƙarau ya toshe wa kunne tun yana ƙarami, da yaron da gaɓoɓinsa suka shanye tun ranar haihuwa har harshensa bai saki ba, da dattijon da hawan jini ya buge, ya wayi gari magana ta ɗauke. Fiye da shekara 40 ke nan masana na ƙera na'urori masu yin magana a madadin irin waɗannan bayin Allah: mutum ya rubuta abin da yake nufi, ko ya taɓa hoto, na'ura ta furta. Tambayar da ta fi wuya ita ce: muryar wa za ta fito daga cikin na'urar, kuma wa ke da ikon zaɓenta?

Kada mai karatu ya ɗauki wannan tambaya da wasa. Idan aka yi sallama a ƙofar gida, uwargida tana daga tsakar gida za ta ce wane ne, tun ba ta ga fuskarsa ba. Daga murya muke gane namiji da mace, yaro da babba, Ba'adare da Bakano. Daga murya muke gane mai fushi ko da ya ce lafiya lau yake. Saboda haka wanda ya rasa muryarsa ya rasa wani yanki na abin da mutane ke shaida shi da shi, kuma duk muryar da aka ɗora masa, da ita za a riƙa auna shi a kasuwa da gidan likita da gaban surukai.

Labarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na Stephen Hawking, masanin ilimin sararin samaniya na jami'ar Kambirij a Ingila. A 1963, yana ɗan shekara 21, likitoci suka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, wadda a Faransanci ake kira cutar Sharko. A 1985 ciwon huhu ya kama shi a birnin Jeneba, aka huda masa maƙogwaro aka sa bututun numfashi don ceton ransa, daga nan bai sake yin magana da bakinsa ba. Aka haɗa masa kwamfuta da na'urar furuci. Muryar da ke cikin na'urar ta samo asali ne daga aikin wani injiniya na cibiyar MIT a Amurka mai suna Dennis Klatt, wanda ya yi shekaru yana auna muryar kansa don koya wa inji magana. Shi ma Klatt ciwon daji ya cinye masa murya kafin ya rasu a 1988.

Muryar nan ba ta da daɗin ji sosai, kuma da karin harshen Amurkawa take magana alhali Hawking Bature ne na Ingila. Daga baya an sha kawo masa muryoyi sababbi masu kama da ta ɗan Adam, ya ƙi karɓa, domin a cewarsa ya riga ya saba da wannan, ta zama tasa. Da na'urar ta tsufa, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya daɗe da rufewa, sai da injiniyoyi suka yi ta fama suka kwaikwayi tsohuwar muryar daidai wa daida a cikin sabuwar kwamfuta. An kammala aikin a farkon 2018, makonni kaɗan kafin rasuwarsa a watan Maris na shekarar. Injiniyoyi suna ganin sabuwar murya ta fi kyau, mai ita yana ganin tsohuwar ce shi. Da aka bi maganar mai ita, an yi daidai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, amma Hawking ba shi kaɗai ke magana da irin wannan murya ba. A 2002 wata masaniyar ilimin furuci mai suna Rupal Patel, wadda ta koyar a jami'ar Northeastern a Bostan, ta halarci wani taro a ƙasar Danmak kan na'urorin taimakon magana. A can ta ga wata yarinya ƙarama da wani magidanci suna hira, kowa da na'urarsa, amma muryar da ke fitowa ɗaya ce, ta babban namiji. Da ta duba zauren sai ta ga mutane da dama suna rarraba ƴan muryoyi ƙalilan a tsakaninsu. Mu kwatanta da kanmu: wace uwa za ta yarda a sa wa ƴarta mai shekara 7 babbar rigar kakanta, a ce ai ita ma sutura ce? Haka aka daɗe ana yi da murya. Sai a 2012 kamfanin Acapela na Beljiyam da AssistiveWare na Holand suka fito da muryoyin da aka gina daga maganar yara na gaskiya. Kafin nan, abin da aka saba shi ne a ɗauki muryar babba a sirance ta har ta yi kama da ta yaro.

Don a gane yadda ake gina wa mutum murya tasa ta kansa, sai mun duba yadda magana ke fita. Iska na tasowa daga huhu ta kaɗa wasu tantani biyu a maƙogwaro, nan ne asalin sauti, nan ne kuma kauri ko sirantakar murya take. Daga nan harshe da leɓe da hanci su sarrafa sautin ya zama baƙaƙe da wasula. Da yawa daga waɗanda ba sa iya magana, harshen ne da leɓen suka gaza, amma sautin maƙogwaro yana nan, suna iya jan "aaa" ko su yi dariya. Dabarar da Patel da abokin aikinta Tim Bunnell suka bi ita ce a naɗi wannan ɗan sauti, sannan a nemo mai ba da gudummawa wanda ya yi daidai da mutumin a jinsi da shekaru da girman jiki, ya karanta jimloli masu yawa, a gauraya su biyun. Furucin na mai gudummawa ne, launin muryar kuwa na mai buƙata. A 2014 ta kafa kamfanin VocaliD don wannan aiki, mutane daga ƙasashe da dama suka riƙa ba da muryoyinsu kamar yadda ake ba da jini.

Wanda kuwa ya taɓa yin magana kafin ta ɗauke, hanyarsa ta fi sauƙi, muddin an sami abin da ya faɗa a naɗe. Roger Ebert, ɗan jarida mai sharhin fina-finai a Shikago, ya rasa murya a 2006 bayan tiyatar ciwon daji. Kamfanin CereProc na Edinbara ya tattara tsofaffin sharhunansa ya gina masa murya, aka ji ta a talabijin a 2010. A wancan zamani sai an sami maganar awoyi, a yayyanka ta ƙanana a riƙa harhaɗawa. Tun daga 2016, da aka fara koya wa kwamfuta kwaikwayon murya ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, abin da ake buƙata ya yi ta raguwa. A 2023 kamfanin Apple ya sa wa wayoyinsa wani tsari mai suna Personal Voice, inda a lokacin mutum kan karanta jimla 150, kimanin minti 15, wayar ta ajiye masa muryarsa don ranar buƙata. Da Turanci kaɗai aka fara shi. A watan Yulin 2024 ƴar majalisar wakilan Amurka Jennifer Wexton, wadda wata cutar ƙwaƙwalwa ta lalata wa furuci, ta yi jawabi a zauren majalisa da muryar da aka gina daga tsofaffin jawabanta.

Duk waɗanda muka ambata suna ji da kunnensu. Suna iya sauraron muryar su ce ta yi ko ba ta yi ba. A nan ne batun kurame ya sha bamban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara. Kurma na iya rubuta saƙo a waya ta furta wa mai kanti ko mai sayar da magani, amma shi ba ya jin abin da ya fita da sunansa. Bai sani ba ko muryar ta yi tsawa, ko ta yi kama da ta yaro har ana murmushi, ko ta karya sunan mahaifinsa. Yawancin waɗannan tsare-tsare kuwa, idan aka zo zaɓen murya, abin da suke cewa shi ne danna ka saurara. Wanda ya tsara haka bai zauna da kurma ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Kurame da yawa ba sa ɗaukar kansu marasa harshe, kuma suna da gaskiya. Maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawunsa, kamar yadda William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet a Washinton ya nuna a 1960. Kowace al'umma da tata: ta Faransa daban, ta Amurka daban, a 2000 kuma masaniyar harshe Constanze Schmaling ta Jamus ta wallafa nazari a kan Maganar Hannu ta kuramen Kano. Suna da dalilin yin taka-tsantsan da duk wanda ya zo musu da murya a matsayin magani. A 1880 wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, ya yanke cewa a fifita koyar da magana da baki a kan maganar hannu. Sakamakon haka aka yi shekaru masu yawa ana hana yara motsa hannu a makarantu, ana tilasta musu kwaikwayon sautin da ba sa ji, karatunsu ya koma baya. Sai a 2010, a birnin Bankuba na Kanada, magadan wannan taro suka fito fili suka yi watsi da hukuncin.

Irin wannan kuskure bai ƙare ba. A 2016 wasu ɗalibai biyu na wata jami'a a Amurka suka ci kyautar dala 10,000 saboda safar hannu da suka ƙera, wadda aka ce tana mayar da maganar hannu ta zama murya. Jaridu suka yi ta yabo. Kurame da masana harshe suka ce a dakata: rabin nahawun maganar hannu a fuska yake, a ɗaga gira da karkata kai da motsin baki, safa kuwa ba ta ganin fuska. Ban da haka, safar ta ɗora wa kurma dukan nauyi don mai ji ya huta, amma ba ta mayar wa kurma da amsar da aka ba shi. Niyyar ɗaliban mai kyau ce, sai dai sun gina ɗaki ba su tambayi mai kwana a ciki ba.

Me ya kamata masu ƙira su yi? Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. A zauna da kurame da marasa magana tun ranar da aka fara tsara abin, a kuma biya su ladan lokacinsu kamar kowane gwani. A bayyana wa kurma kowace murya ta hanyar da yake ganewa: a rubuce, da hoton bidiyo na maganar hannu, da alamar da ido ke gani mai nuna ƙarfin sauti da saurinsa, da girgizar waya a tafin hannu. A ba shi damar kiran wanda ya amince da shi ya saurara ya kwatanta masa, amma hukuncin ƙarshe ya zama nasa. A bar murya ta girma tare da mai ita, kada yaron da aka ba murya yana ɗan shekara 8 ya kai ga neman aure da ita. A sa mata hanyar nuna tambaya da raha da ɓacin rai, domin wanda ba ya iya ɗaga murya sa'ad da aka zalunce shi, an rage masa haƙƙi. Wanda kuma ya ce ba ya son murya, tafinta yake so ko rubutu, a girmama zaɓinsa. Wannan ba alfarma ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010, ta wajabta wa gwamnatoci karɓar maganar hannu da sauran hanyoyin sadarwa da mutum ya zaɓa, da kuma tuntuɓar naƙasassu a kan abin da ya shafe su.

Idan muka juyo ga harshenmu, akwai ƙarin wahala. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Kuka" na iya zama na hawaye ko na miya, "wuya" na iya zama na jiki ko na wahala, "ya tafi" na iya zama labari ko umurni. Mai ji yana gyara kuskuren na'ura nan take, kurma kuwa ba zai san an yi kuskuren ba. Gaskiya ne an fara samun muryoyin na'ura da Hausa. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin furuci na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, wanda aka gina galibi daga karatun Linjila da aka naɗa. Wannan ci gaba ne, amma muryar mai karatu ce guda, ba muryar hira ba. Tsohuwa ƴar Tawa da ke cewa "mi" da "hwara" da "icce", ko matashin zangon Kumasi, ko ɗan kasuwar Garwa, idan aka ba su muryar mai karanta labarai, ƴan gidansu za su ji kamar baƙo ya shigo. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Gyaran wannan yana hannun masu harshen: sai maza da mata, yara da tsofaffi, daga kowane yanki, sun ba da muryoyinsu ga ayyukan jami'o'i da ƙungiyoyin naƙasassu da aka san amanarsu.

Mun ce waɗanda aka san amanarsu ne saboda dabarar da ke mayar wa marar lafiya muryarsa ita ce kuma ke ba ɗan damfara muryar wani. A farkon 2023 masu bincike na Microsoft sun nuna tsarin da ke kwaikwayon mutum daga maganar daƙiƙa 3 kacal. A watan Janairun 2024 an buga wa dubban masu zaɓe waya a wata jihar Amurka da muryar bogi ta shugaba Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓe. Don haka kafin iyali su miƙa muryar ɗansu ko ta mahaifinsu ga wani kamfani, su tambaya: a ina za a ajiye ta, wa zai iya amfani da ita, ana iya goge ta in mai ita ya so, me zai faru idan an daina biyan kuɗin wata ko kamfanin ya rufe, kuma wa zai gaje ta bayan rasuwarsa? Haka nan mai ba da gudummawar murya yana da haƙƙin sanin inda za ta je.

Wani zai ce duk wannan zancen ƙasashen masu kuɗi ne. Akwai abin da kowane gida ke iyawa yau, ba tare da kashe ko dala ba. Tun shekarun 1990 a Asibitin Yara na Bostan ake sa marasa lafiyar da za a yi wa tiyatar da ka iya hana su magana su naɗi jimlolin da suka saba faɗi, da bakinsu, a riƙa kunna musu idan sun so. Idan likita ya gaya wa wani namu cewa ciwonsa na iya taɓa maganarsa, a nemi izininsa, a sami wuri marar hayaniya, a naɗa a wayar salula: sallamarsa, gaisuwar safe da ta yamma, yadda yake kiran matarsa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, kalmar da yake tsawatarwa da ita, barkwancinsa, dariyarsa. A adana a wuri biyu. Ko ba a taɓa gina murya da su ba, ranar da ya danna ya kira jikarsa da muryarsa ta gaskiya, gidan zai san darajar abin da aka ajiye.

Yaron da ba ya magana kuma a zana masa allon hotuna a kan kwali: ruwa, fura, bayan gida, ciwo, inna, baba, a'a. Kada a manta da a'a, domin wanda aka koya wa roƙo kaɗai ba a ba shi magana ba. Gidan da ke da kurma, uwa da uba da yayye su koyi maganar hannu, kada a bar ta ga ƙanen da ya fi shaƙuwa da shi. A kai shi makarantar kurame da wuri, a kuma bar shi ya yi hulɗa da manyan kurame masu sana'a da iyali. Idan mai na'ura yana haɗa jimlarsa, mu yi haƙuri mu jira. Hawking a lokacin da hannunsa ke aiki bai cika wuce kalma 15 a minti ba, alhali mai magana da baki yakan ninka haka kusan sau 10. Kada mu ƙarasa masa zance, kada kuma mu juya ga ɗan rakiyarsa mu ce "me yake so?" alhali ga shi zaune a gabanmu.

Muna kira ga malaman makarantu da ma'aikatan lafiya da matasanmu masu karatun kwamfuta da su kai wannan zance ga ƙungiyoyin kurame da naƙasassu na garuruwansu, su fara da tambayarsu abin da suke buƙata kafin su nuna musu abin da suka ƙera. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.